Ƙullin Amanar Yumma

Salamu alaikum, masu karanta ni. Yau ba zan tsaya doguwar gaisuwa ba, abin da zan faɗa kwana uku ke nan ina ɗauke da shi. Wasunku sun sha turo mini cewa Mawahib mai haƙuri ce, Mawahib ba ta da baki. To ku karanta wannan tukuna.

Ga wanda bai san mu ba, ni da mahaifiyata Fatna, wadda nake kira Yumma, mu biyu muke zaune a gidan haya a unguwar Kalakla, nan Khartum. Ɗaki biyu ne da tsakar gida da rakuba, wato rumfar shan iska. Na ce ɗaki biyu, amma shekara tara rabona da ganin bangon ɗayan. Yumma ba ta zubar da komai. Buhunan siminti wofi a ninke sun kai tsayin mutum. Gwangwanayen madara, na man girki, guntayen kwanon rufi masu tsatsa, kwalaye, takalma wari ɗaya, ƙofar wani firij da ban san inda ta samo ta ba. Daga ƙofar gida zuwa makewayi hanya ɗaya ce siririya, sai ka karkata kafaɗa za ka wuce. A ƙarƙashin rakuba muke kwana, gadonta ma rabinsa kaya ne.

Ba haka aka haife ta ba. Ina 'yar shekara huɗu aka rushe unguwar da iyayena suka fara zama bayan sun baro gonakin audugar Jazira. Da safe motocin rusau suka zo, kafin azahar babu ɗaki a tsaye. Aka kwashe mutane aka zube a wani fili. Wadda take da buhu da kwali da guntun kwano ta yi wa 'ya'yanta inuwa a ranar. Yumma ba ta da ko ɗaya, tob ɗin jikinta, wato lafayarta, ta kafa a kan itace biyu muka shiga ƙarƙashi. Na ji wannan labari ya fi sau ɗari, kuma ban taɓa katse ta ba. Ni ce mai saurarenta tun rasuwar babana. Zaman nan da ita ne ma ya sa ban shiga aji ba sai ina da shekara sha tara, ajin manya na yamma.

Ranar Asabar mai gidan, Hajja Sittana, ta zo daga Umdurman. Ba ta iya shigowa ba, a bakin ƙofa ta tsaya cikin farin tob, ta toshe hanci da gefensa.

"Fatna, ban taɓa kuka da ke a kan haya ba," in ji ta. "Amma katangar baya ta karkata saboda abin da kika jingina mata. Maƙwabta sun kira ɗana sau uku a kan ɓeraye. Ga damina tafe. Juma'a bayan an sauko masallaci zan dawo. In na ga ƙasar tsakar gidan nan, ku ci gaba da zama. In ban gani ba, ku nemi wani wuri."

Yumma ta ce, "Duk abin amfani ne, Hajja."

"To ki yi amfani da shi kafin Juma'a."

Kun san yadda gidan haya yake a Khartum yanzu. Wa zai ba mu ɗaki in labarinmu ya riga mu isa? Ga kuma Mahir, mai nemana, wanda yake tuƙa motar ɗaukar kaya a kasuwar Suk al-Shabi. Mata daga gidansu za su zo gaisuwar farko ƙarshen wata. Ina zan zaunar da su?

Ranar Lahadi na gwada da kaina. Gwangwani ɗaya na ɗauka, na tumatur, gindinsa ma ya huje. Yumma ta riƙe mini hannu har farcenta ya shige ni.

"Ajiye."

"Yumma, ko ruwa ba ya riƙewa."

"Ƙusa yana riƙewa. Ranar da za ki nemi inda za ki zuba ƙusa, wa za ki roƙa? Ajiye na ce, ke ba ki san darajar komai ba."

Na ajiye. Na zauna a bakin gado ina kallon shatin farcenta.

Litinin da hantsi Samar ta iso. Ɗiyar ƙanwar Yumma ce, a Umdurman suke, a gidan kansu mai daɓen tayil. Shekararta ta ƙarshe ke nan a jami'a. Ta shigo cikin abaya ruwan toka da gyale kalar zuma, ƙamshin humra yana binta, ta bi siririyar hanyar nan kamar a nan aka raine ta, ko gefen abayarta bai taɓa tsatsa ba. Ni kuwa ina tsaye da tsohuwar rigar wanki.

Ba ta ce a zubar da komai ba. Ta durƙusa gaban Yumma, wadda take kira Halti, wato inna, ta ce, "Halti, lokacin da kuke Jazira, in za ku tashi daga wannan gona zuwa waccan, ya kuke yi da kayan da ba za ku iya ɗauka ba?"

Yumma ta ɗago. "Amana muke bayarwa."

"Yaya ake yi?"

"Ki ɗaure kayanki da tsumman da kika yaga daga tufarki, ki ƙulla sau biyu. Ki ce wa 'yar'uwarki na ba ki amana, ta ce na karɓa. Shi ke nan. Ko shekara nawa kika yi, ba mai kwance ƙullin nan sai ke."

"To ni na zo karɓar amana. Muna da ɗakin ajiya a bayan gidanmu, babu kowa a ciki. Ki ba ni, in Hajja Sittana ta huce ki aiko a dawo miki da abinki."

Yumma ta daɗe tana kallonta. Sannan ta tashi, ta zaro wani tsohon tob shuɗi daga ƙarƙashin matashinta, ta sa haƙori ta fara yagawa.

Jama'a, ba zan ɓoye muku ba. Maimakon in yi hamdala, haushi ne ya kama ni. Zancen amanar nan na san shi. Ni aka fara ba labarinsa, ni na san sunayen matan da Yumma ta taɓa ba amana da waɗanda suka ba ta. Shekara ashirin ina saurare, ban taɓa tunanin in yi amfani da shi ba. Samar ta ji shi sau ɗaya a wani biki, ta ɗauka ta buɗe ƙofar da ni nake bugawa tun ina yarinya.

Da azahar Mahir ya zo da motarsa. Dogo ne, jallabiyarsa kullum da ɗigon baƙin mai a hannu. Ya gaida Yumma, ya dube ni ya yi murmushi.

"Ya Mawahib, yau za mu ga kalar ƙasar gidanku. Na ci amana in ba ja ba ce."

"Daina ambaton cin amana a gidan nan," in ji Samar, suka kwashe da dariya su biyu.

Ni ban yi ba.

Kwana uku aka yi ana aiki. Yumma tana zaune a kan kujerar roba da tarin tsummoki shuɗɗa a cinyarta. A ɗauko ƙunshi, ta shafa shi, ta faɗi inda ta samo shi, ta ƙulla sau biyu.

"Samar, na ba ki amana."

"Na karɓa, Halti."

Mahir ya ɗora a kafaɗa ya kai mota. Haka ɗaya bayan ɗaya. Ni aikina dafa jabana, wato gahawa, da citta, in zuba musu a ƙananan kofuna, in share inda aka kwashe. Sau ɗaya na miƙa hannu zan karɓi wani ƙunshi don in rage musu aiki, Yumma ta janye shi.

"Ba ke ba. Ke zubarwa za ki yi."

Samar ta ce, "Haba Halti," amma a hankali ta faɗa, tana gyara gyalenta.

In mota ta cika, Samar ce take shiga gaba kusa da Mahir, don ita za ta nuna inda za a sauke. Ina tsayawa a bakin ƙofa in ga sun juya kwana. Daga Kalakla zuwa Umdurman da dawowa, in gada ta cunkushe, awa uku ne. Awa uku sau biyu a rana. Na san lissafin nan ba shi da kyau, amma na yi shi. Sukan dawo suna hira da Larabci mai sauri irin na 'yan jami'a, wanda nake ji amma ba na iya mayarwa da irin saurinsa. Ranar Laraba na ga kwalbar lemo biyu wofi a gaban motar. Na ɗauke kai.

Da yamma na tura masa saƙo: "Sannu da aiki. Ka gaji?"

Bayan awa ɗaya ya amsa: "Tamam. Samar jaruma ce wallahi."

Na karanta sau huɗu. Tambayarsa na yi a kan gajiyarsa, ya amsa mini da sunanta.

Ranar Alhamis tsakar gida ta bayyana. Ja ce kuwa ƙasar, kamar yadda ya ce. Har na ga wata 'yar randa da muka ɓatar tun ina ajin farko. Saura ɗakin ciki kawai, shi ma rabi. Mahir ya miƙo mini wayarsa ya ce in sa masa a caji, ya koma yana ɗaure kaya a mota. Samar ba ta zo ba ranar, tana da jarrabawa.

Ina sa wayar a caji ta yi haske. Sunanta ne a sama. Ban yi niyyar buɗewa ba. Ƙarya nake, na yi niyya.

"Mai sayen tsoffin ƙarafa na bayan Suk al-Shabi ya ce ka kawo sauran yau, gobe da hantsi zai rufe. Kwalayen ka kai bola kamar jiya."

Na ja sama. Saƙonni sun fi arba'in tun Lahadi. Ashe tun kafin ta zo gidanmu suka shirya. Babu wani ɗakin ajiya. Ƙarafa da gwangwanaye suna zuwa wajen mai saye, sauran bola. Awa ukun da nake lissafawa ba Umdurman suke zuwa ba. To ina suke ƙarasa sauran lokacin? Babu kalmar soyayya ko ɗaya a ciki, na duba da kyau, na sake dubawa. Amma akwai wannan, daga gare ta:

"Kada Mawahib ta sani. Ba za ta iya riƙewa ba, miskina."

Shi kuma ya amsa: "Gaskiyarki."

Miskina. Gaskiyarki. Na ajiye wayar kamar ta ƙone ni. Mutumin da zan aura da 'yar'uwata sun zauna sun auna ni, sun yanke cewa ni ba abin a ba sirri ba ce, a kan gidanmu, a kan uwata. Ya shigo yana share gumi, na miƙa masa wayar da ruwan sanyi.

"Lafiya? Fuskarki ta canza."

"Ƙura ce."

"Gobe war haka kina shimfiɗa tabarma a nan kina jiran baƙi," ya ce, ya nuna tsakar gida da haɓa. Ya ja motar ya tafi.

Bayan la'asar muka rage ni da Yumma. Tana zaune a tsakiyar filin nan da ya buɗe, ta rasa inda za ta sa idonta. Hannunta yana ta murza ragowar tsumman shuɗi. Na kawo mata shayi na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. Da ta yi shiru, da ni ma na yi shiru, wallahi da na haɗiye. Amma sai ta ce:

"Yarinyar nan Samar, Allah ya yi mata albarka. Ita ta san mutum. Da ita na haifa, da tuni na huta."

Ba da faɗa ta faɗa ba. Kamar mai zancen farashin albasa ta faɗa. Na ɗago na dube ta.

"Yumma, kin taɓa ganin ɗakin ajiyar nan?"

"Wane irin zance ne wannan?"

"Babu shi. Amanarki tana bayan Suk al-Shabi wajen mai sayen ƙarafa. An ɗora ta a sikeli. Sauran tana bola."

Ta dube ni. Na zaci za ta yi ihu, ko ta mare ni ta ce ƙarya nake. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"An kwance ƙullin?" ta tambaya.

"Ban sani ba."

Ta ajiye kofin shayin ba ta sha ba. Ta ninke tsumman nan ta cusa a ƙugunta. Da aka kira magariba ta tashi ta yi alwala.

Ina so ku fahimce ni. Abin da suka yi ba daidai ba ne. Ba a karɓar amana da baki a kai ta sikeli. Da na je na sami Mahir na ce masa haka ido da ido, da na yi abin da ya kamata. Da na jira Juma'a ta wuce, gida ya tsira, sannan na yi magana, da shi ma wani abu ne. Amma ba don amana na buɗe baki ba. So nake sunan Samar ya yi ɗaci a bakin Yumma, ko da sau ɗaya.

Juma'a na idar da sallar asuba na juya, gadonta wayam. Takalmanta ba sa nan, tob ɗinta na fita ba ya kan igiya.

Ƙarfe takwas Samar ta kira.

"Mawahib, Halti ta zo gidanmu rana na fitowa. Ta ce in nuna mata amanarta. Ta zagaya bayan gida da kanta, ta leƙa har akurkin kaji. Ta dube ni ta ce 'na karɓa kika ce,' ta fita. Na bi ta har titi, ta shige motar haya, hafila, ba ta waiwayo ba. Wa ya gaya mata?"

"Allah masani," na ce.

"Ki kira Mahir. Don Allah ki kira shi yanzu."

Wannan karon ni ta ce in kira shi. Na lura da haka, ko a cikin wannan hali. Allah ya shirye ni.

Mahir ya yi ta zagaye. Ya je Suk al-Shabi, mai ƙarafan ya riga ya rufe ya tafi. Ya duba tashar motoci, ya duba asibiti biyu. Duk bayan rabin awa sai saƙo: "Ta dawo?" In amsa: "Tukuna." Ni kuwa na share tsakar gida sau uku, na yayyafa ruwa, na kunna turaren wuta. Na ja labule a ƙofar ɗakin da bai gama kwashewa ba. Na sa doguwar rigata koriya da gyale baƙi. Ina ta gaya wa kaina cewa za ta gaji ta dawo hannu biyu, Hajja Sittana ta ga ƙasa ja, magana ta mutu.

Ana kiran sallar Juma'a Mahir ya iso, idanunsa sun yi ja. Bai shiga ba, ya wuce masallacin unguwa. Samar ta sauko daga raksha, keken haya mai ƙafa uku, jim kaɗan, yau babu humra, gyalenta a karkace. Muka zauna a ƙarƙashin rakuba ba mai kallon wani.

An sauko masallaci ke nan muka ji ƙarar ƙafar jaki da kukan ƙarafa. Na fita da gudu.

Karo biyu ne, amalanken jaki, an lafta musu kaya har suna rangaji. Yumma tana zaune a saman na gaba, tob ɗinta ya yi baƙi da tsatsa, ƙafa ɗaya babu takalmi. Na hango tsummoki shuɗɗa nan da can a jikin kayan. Amma rabin abin da ke kai ba namu ba ne. Akwai ƙarfen gaban mota, akwai wani gadon ƙarfe da ya karye, akwai buhunan da har yanzu ruwan bola yake ɗiga daga cikinsu.

"Ku sauke ciki," ta ce wa masu karo. "A hankali. Wanda yake da ƙulli ku ajiye shi dama."

"Halti, don girman Allah," in ji Samar, ta riƙe bakin amalanken. "Awa ɗaya kawai. Ki bari matar nan ta zo ta tafi."

Yumma ba ta ko dube ta ba. "Mai ƙarafan can ya fi ki tsoron Allah. Da na nuna masa ƙullin, cewa ya yi mini, Hajja kwashi abinki, ban san amana ba ce."

Mahir ya iso da darduma a kafaɗa, ya tsaya turus. Ya yi wa masu karo magana, suka ce su wadda ta ɗauko su suka sani. Kafin a yi haka ƙofar firij ta koma mazauninta. Ina tsaye ina kallon jar ƙasar da na yayyafa wa ruwa tana ɓacewa.

Ana sauke karo na biyu motar ɗan Hajja Sittana ta tsaya. Maƙwabta sun riga sun fito ƙofofinsu. Hajja ta sauko, ta tako har bakin ƙofa, inda ta tsaya ranar Asabar. Ta dubi ciki. Ta dubi buhunan da suke ɗiga. Ba ta ɗaga murya ba.

"Na ji an ce kun kwashe. Har na yi murna, wallahi." Ta gyara tob ɗinta a kafaɗa. "Fatna, ƙarshen wata ɗana zai zo karɓar makulli."

"Hajja, jiya babu komai a nan," in ji Mahir. "Ki tambayi kowa a layin nan. Ki ƙara mana kwana uku."

"Ka kwashe a kwana uku, ta dawo da shi a rabin yini. Ɗana, ni ma tsohuwa ce, ba zan iya ba."

Ta juya ta koma mota.

Yumma kamar ba da ita ake ba. Tana durƙushe tana duba ƙulli ɗaya bayan ɗaya, tana ja ta ga ko an taɓa. Da ta gama ta miƙe da ƙyar, ta zo inda nake. Ta kama hannuna, wanda shatin farcenta bai gama warkewa a kai ba, ta riƙe shi a ƙirjinta. Rabon da ta yi mini haka tun ina ƙarama. Ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Duk cikinsu ke kaɗai kika gaya mini gaskiya."

Abin da na yi shekaru ina jira ke nan. Na ji shi, a gaban kowa, a ƙofar gidan da ba namu ba kuma.

Samar ta saki bakin amalanken. Mahir ya sauke dardumar daga kafaɗarsa a hankali, ya juyo gare ni.

"Mawahib," ya ce, "wace gaskiya?"